Okanya, Mota Na Jira

Maigidana ba ya iya kiran babba da tsurar sunansa. Kakansa maroƙi ne a Jos, kuma jinin bai sake shi ba ko da ya zama direban tasi a Amurka. Duk wanda ya haɗu da shi sai ya naɗa masa sarauta. Bahabashen da ke da kanti a bakin titinmu shi ne Sarkin Kasuwa. Mai gyara mana famfo a gini shi ne Sarkin Ruwa. Ni kuma Magajiya yake ce mini, ko muna faɗa. Sunansa Munzali. Ni Malam nake kiransa har ya koma ga Allah, kuma yanzu ma da na rubuta sunan sai da hannuna ya yi nauyi.

A Hyattsville muke zaune, kusa da Washington, a hawa na biyu. Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata mata 'yar Kambodiya mai suna Chantha, ita da mahaifinta. Tana aiki a wani ofishin gwamnati a cikin Washington, kullum da safe ta bi jirgin ƙasa, sai yamma ta dawo. Mahaifinta muna ce masa Ta Sok. Ta ce mana a yarensu Ta na nufin kaka. Ciwon mantuwa ya kama shi, to da yake ni ina gida ina ɗinki, sai nake leƙa shi da rana, in ɗumama masa shinkafa, in ba shi maganinsa. Turancina gurgu ne, nasa ma ya fara zubewa yana komawa yarensu, amma muna fahimtar juna.

Tsohon ba shi da fitina, sai halaye biyu da suka dame ni. Ba ya gani sosai, amma ba ya yarda ya sa tabarau. Sau da yawa a cikin buhun shinkafa nake tsinto shi. Sannan in ya fito kan matakala sai ya tsaya yana goga tafin hannunsa a jikin bulon bango, yana gogawa har fatar ta yi ja, wani lokaci har jini. Na tambayi Chantha. Ta ce, "Tsufa ne, Anti," ta sauya magana.

Wata Lahadi da la'asar ta shigo dawo mini da kwano, fuskarta cike da murna. Ta ce wata 'yar uwarsu a Faransa ta turo mata hoton kakanta, uban Ta Sok, wanda ba ta taɓa ganin kamanninsa ba. Ta miƙo mana wayar. Wani dattijo ne cikin farar riga mai maɓallai har wuya, da lambobin yabo a ƙirji, ya zauna a kujera ya ɗora hannu a gwiwa.

Malam ya gyara zama. "Wannan ba talaka ba ne," in ji shi. "Dubi yadda ya ajiye ƙafa. Mece ce sarautarsa?"

Chantha ta yi dariya ta ce, "Oknya."

"Okanya?"

"Oknya."

"Ai shi na faɗa. Okanya. Muna da ita a gida, Magajiya, ko ba haka ba? Kanya ta nuna, biri ya karye."

Ya fassara mata, ta yi ta dariya. Sai ta zauna a hannun kujera ta yi mana bayani. Ta ce tsohuwar sarauta ce a ƙasarsu, tun zamanin da. Sarki ne ke ba da ita ga manyan bayinsa, masu riƙe masa larduna, da alƙalai, da waɗanda yake aika wa wasu sarakuna da saƙo. In aka ce Oknya, ana nufin mutumin da sarki ya ɗora wa amana, kuma in za a gaishe shi sai a sa Lok a gaba, kamar a ce maigirma. Kakanta lardi ya riƙe a zamanin sarki.

"Kamar Galadima ke nan, ko Madaki," Malam ya ce. "To yanzu akwai ta?"

"Ta mutu, aka sake tayar da ita bayan yaƙi. Amma yanzu yawanci 'yan kasuwa ake ba wa, waɗanda suka yi wa gwamnati babbar kyauta."

Malam ya tafa hannu. "Ashe ba mu kaɗai ba ne. Magajiya, kin ji ko? Har can ma rawani ya shiga kasuwa." Ya juya wajenta. "To Ta Sok fa? Ɗan Okanya guda muke ba wa shinkafa a kwanon roba?"

Ta ce ba a gadonta, sarki ne ke ba mutum shi kaɗai. Malam ya ce wannan a can ne, mu a wajenmu ɗan sarauta ba ya zama talaka, ko da tsumma ya sa. Wayarta ta yi ƙara, ta tashi ta fita tana magana. Ba ta ƙara mana komai a kan maganar ba. Daga baya ta ce ko a mafarki ba ta zaci kalmar za ta zauna a bakinsa ba.

Ranar Talata Ta Sok yana da ganin likita, Chantha kuma ba a ba ta izinin fita daga aiki ba. Malam ya ce shi zai kai shi, ni in raka su. Ƙarshen watan Nuwamba ne, tun asuba ake ruwa, irin ruwan nan mai sanyi da ke shiga ƙashi. Na sa wa tsohon rigar sanyinsa mai kyau, da baƙin takalminsa na fata, da agogonsa. Na riƙe masa lema muka sauko.

Malam ya kawo motar har bakin ƙofa. Ya fito, ya buɗe ƙofar baya, ya rusuna har gwiwarsa ta kusa taɓa ruwa, ya ɗaga dunƙulallen hannu ya yi jinjina. Na san ya kwana yana shirya wannan.

"Lok Okanya," ya ce, "ranka ya daɗe." Sannan ya ƙara da Turanci, a hankali don tsohon ya ji, "Lok Okanya, mota na jira."

Hannun tsohon yana cikin nawa. Na ji ya sandare. Ya dubi Malam, ya dubi buɗaɗɗiyar ƙofar motar. Can sai ya haɗa hannayensa a ƙirji ya fara magana da yarensu da sauri, yana sunkuyar da kai, sannan ya buɗe tafukan ya miƙa wa Malam.

"Kin gani?" Malam ya ce mini da Hausa, yana murmushi. "Ya tuna gida. Godiya yake yi."

Tsohon ya matso kunnena ya ce da Turanci, "Banɗaki." Ya juya ya koma cikin ginin da kansa, yana tafiya a hankali, bai waiwayo ba. Ya saba hawa shi kaɗai, don haka na tsaya riƙe da lema. Malam ya shiga goge gilashin mota yana ɗan waƙa.

Da na ga shiru ya yi yawa sai na hau. Ƙofarsu a kulle take yadda na bar ta, sai a lokacin na tuna makullin yana hannuna. Na sauko na leƙa ɗakin injinan wanki da ke ƙasa. Ƙofar baya a buɗe take, iska na kaɗa ta. A bakin ƙofar, a jere kamar an shirya su a kanti, ga takalminsa, ga rigar sanyin a naɗe, ga agogon a kai.

Na ƙwala wa Malam kira. Ya zo ya tsaya yana kallon takalmin. Muka zaga bayan ginin, muka duba tsakanin motoci da wajen kwandunan shara. Babu shi. Na kira Chantha, na sa wayar yadda Malam zai ji.

"Me ya faru kafin ya tafi?" ta tambaya. "Wani ya tsorata shi? Kare?"

"Babu komai," Malam ya ce. "Gaishe shi kawai na yi. Na ba shi girmansa, na ce Lok Okanya, mota na jira."

Sai na ji numfashinta da ƙarar takalminta, tana gudu.

"Anti, ki kira 'yan sanda yanzu. Kawu, ka saurare ni, ina hanyar jirgi." Tana haki tana faɗa. Ta ce lokacin da mahaifinta yake saurayi, sojojin Khmer Rouge masu baƙaƙen kaya suka karɓi ƙasar, suka kori kowa daga birane zuwa gonaki. Duk wanda ya yi karatu ko ya riƙe muƙami, kashe shi suke yi. Amma manyan ba da tsawa suka fara ɗaukarsu ba. Da ladabi suka zo. Suka ce ana neman tsofaffin ma'aikata su je su taimaka a gyara ƙasa. Wani ya zo inda suke, ya rusuna wa kakanta, ya kira shi da sarautar da ya daɗe bai ji ba. "Ya ce masa, Lok Oknya, mota na jira. Babana yana tsaye. Shi ya taimaka masa ya hau. Duk waɗanda suka shiga motar nan..."

Wayar ta yanke. Jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa.

Malam ya dafa bango. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka gaya masa rasuwar mahaifiyarsa. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Magajiya, ni na kashe shi."

"Bai mutu ba tukuna. Wuce mu tafi."

Na kira 'yan sanda da guntun Turancina, Malam ya karɓa ya ƙarasa. Sannan muka bi hanyar da ke bayan ginin. Akwai ɗan daji a wurin, da siririyar hanya ta masu keke, tana gangarawa zuwa rafi. A rani rafin nan yaro ma zai tsallake shi. Ranar kuwa tun daga nesa muke jin kukansa.

Muna tafiya Malam yana kira, "Ta Sok, Ta Sok," ruwa na dukanmu. Ni kuwa na san irin wannan gudun. Lokacin rikicin Jos ina amarya, na fita kasuwa aka tare hanya. Samari ne da adduna, duk wanda ya zo sai su tambaye shi sunansa. Na cire mayafina na cusa a kwata, na tsaya a layi, na san da na ce sunana Rumasa'u shi ke nan. Maƙwabciyarmu Lizzy ce ta hango ni daga tsallaken titi. Ta taho tana zagina da ƙarfi, "Linda, ke shashasha, tun safe Mama ke nemanki, wuce gida." Ta finciki kunnena ta ja ni muka wuce ta gabansu, suna dariya. Da ta gaishe ni da mutunci a ranar, da ban kai yau ba. Ina tafe a bakin rafin nan ina jin warin kwatar nan a hancina. Na gane abin da ya sa tsohon ya cire takalmin fata da agogo, na gane dalilin ɓoye tabarau a buhun shinkafa, don kada a gane ya yi karatu.

Ni na fara ganin sawun, ƙafa ba takalmi a cikin laka, ya bar hanya ya gangara wajen gada. Muka bi muna zamewa. A ƙarƙashin gadar akwai wani babban rami na siminti da ruwan unguwa ke bi ya faɗa rafi, tsayinsa ya kai mutum ya shiga a sunkuye. Na leƙa. Da farko duhu kawai na gani. Sannan na ga farar singiletinsa. Yana tsugune a ciki, ruwa ya kai masa ƙugu, yana goga hannayensa a jikin simintin.

"Ta Sok," na ce. "Ni ce. Zo mu tafi gida."

Ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na kaɗawa. Malam ya sa ƙafa zai sauka. Da tsohon ya gan shi sai ya ja da baya, ya ƙara shigewa ciki inda ruwan ya fi ƙarfi, har ya yi tangal-tangal ya dafa bango.

"Tsaya, Malam," na ce. "Kai yake gudu."

Sai ga 'yan sanda biyu sun gangaro, mace da namiji, cikin kaya masu duhu, rediyo na magana a kafaɗarsu. Namijin ya haska tocila cikin ramin. Tsohon ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji daga bakin babban mutum ba, ya nutsa har wuya. Na sha gaban ɗan sandan na riƙe tocilar da hannuna, ni da ko kallon ɗan sanda ba na iya yi a ƙasar nan. Na ce, "Baƙin kaya. Yana tsoron baƙin kaya." Macen ta dube ni, ta dubi ramin, ta ce wa abokinta su koma sama. Ta ce masu ceto suna hanya, amma ruwan na ƙaruwa, in ya kai masa ƙirji za su shiga su ciro shi ko yana so ko ba ya so. Na dubi bakin ramin. Wani dutse da na taka da muka iso ya riga ya ɓace a ruwa. In suka shiga da ƙarfi zai gudu ciki, kuma ban san inda ramin ya ƙare ba.

Wayata ta yi ƙara. Chantha ce, jirgin ya fito sarari. Na gaya mata inda yake. Ta ce in miƙa wayar bakin ramin. Ta yi ta kiransa da yarensu, tana kuka, tana cewa Pa, Pa, wato Baba. Bai ko juyo ba.

"Bai san ni ba," ta ce. "Inda yake yanzu ba a haife ni ba tukuna." Ta ja numfashi. "Ku ji. Sok ba sunansa ba ne na haihuwa. Sunan mai tuƙa keken haya ne da ke kai shi makaranta. Bayan an tafi da kakana, mutumin nan ya ce wa sojoji babana ƙaninsa ne, tare suke tuƙi. Da mutumin ya rasu sai babana ya riƙe sunan. Shi ya sa yake goga hannu, don suna duba tafin mutum, in da laushi sun san ɗan birni ne. Kada ku ce Ta. Kada ku girmama shi ko kaɗan. Ku kira shi Sok kawai, kamar abokin wahala. Kuma namiji ya kamata."

Na dubi Malam. Yana tsaye ruwa na zuba daga hularsa.

"Ya girme ni nesa," ya ce. "Ɗan babban gida. Ta yaya zan..."

"Malam, ka tuna abin da Lizzy ta yi mini?"

"Na tuna."

"To zage shi."

Chantha ta ce akwai kalma ɗaya da zai gane. A wancan lokacin an hana duk kalmomin cin abinci na mutanen birni da na manya, kowa sai ya faɗi irin ta manoma. "Ka ce hop bai. A ci shinkafa ke nan. Kada ka sassauta murya." Malam ya ce hof bai. Ta ce a'a, ya rufe leɓe. Ya maimaita har ta ce ya yi.

Ya cire hularsa ya miƙo mini, hular da ko a gida ba ya zama babu ita. Ya cire rigar sanyi da takalmi da agogo. Ya ɗebi laka ya shafa a fuska da singileti. Ya yi bismillah ya shiga ruwan. Na ji yadda numfashinsa ya ɗauke don sanyi. Mutum ne mai hawan jini, likita ya sha yi masa kashedi. Na rasa wa zan ji wa tsoro a cikinsu.

Bai nufi tsohon kai tsaye ba. Ya tsuguna a bakin ramin ya ba shi gefe, kamar wanda ya zo fakewa shi ma. Ya sa hannayensa a jikin simintin ya fara gogawa. Tsohon ya tsaya yana kallonsa.

"Sok," Malam ya ce. Ya yi kaki ya tofar, ya sake da ƙarfi, da Hausa, irin muryar da yake yi wa direban da ya tare masa hanya. "Kai Sok! Malalacin banza, me kake yi a nan? Kowa ya ci ya bar ka. Tashi dalla. Hop bai."

Tsohon ya ɗan karkato kai.

"Hop bai, Sok. Wawa kawai. Hop bai."

Na ga ya matso kaɗan, yana dafa bango. Ruwan ya kai masa ƙirji in ya tsuguna. Daga sama na ji jiniya, na ji ana rufe ƙofofin mota, na roƙi Allah kada su sauko yanzu. 'Yar sandan ta tsaya a kan gangaren ta ɗaga musu hannu.

Tsohon ya iso kusa da Malam. Ya kama hannunsa ya juya tafin sama, ya kawo shi daf da idonsa, ya bi shi da yatsa. Hannun Malam hannun wahala ne, ya yi dako a kasuwa kafin ya koyi tuƙi, kuma sitiyari ya ƙara masa kanta. Tsohon ya daɗe yana dubawa. Sannan ya waiga hagu da dama, ya yi raɗa, "Oknya?"

Malam ya girgiza kai ya tofar da yawu a ruwa. "Babu. Babu Okanya a nan." Ya bugi ƙirjinsa. "Munzali. Direba." Ya nuna shi. "Sok. Direba."

"Munzali," tsohon ya ce.

"To ka ji. Tashi mu tafi, sarkin lalaci." Har a nan sai da sarauta ta kuɓuce masa, Allah ya sa da Hausa ce.

Ya saƙala hannun tsohon a wuyansa suka fito. A bakin ramin ƙafar Malam ta zame, ruwan ya ja su su biyun, na kama singiletinsa ta baya na faɗi zaune a laka ina riƙe da shi har ya sami wurin takawa. Na yafa wa tsohon mayafina.

Da muka hau sama ya hango motar asibiti da ƙofarta a buɗe, sai ya toge yana neman komawa. Malam ya juya shi ya ba motar baya, ya ce wa ma'aikatan ba za a shiga mota ba. Suka yi ta magana, a ƙarshe suka lulluɓe su da barguna, muka taka da ƙafa har gida, su suna biye da mu da jakunkunansu. A falonmu suka duba shi. Kafin su gama Chantha ta iso a jiƙe. Na zuba shinkafa a faranti ɗaya, Malam da tsohon suka zauna a ƙasa suna ci da hannu, suna rawar sanyi. Sai da ya ƙoshi ya ɗago ya dubi 'yarsa, ya tambaye ta da Turanci me ya sa ta dawo daga aiki da wuri. Da yamma, da hankalinsa ya dawo, ita ta kai shi asibiti da kanta.

Malam ya yi mako yana tari. Ya ba Chantha haƙuri har ta gaji ta ce in ya ƙara za ta daina gaishe shi. Ta ce ita ya kamata ta gaya mana, amma a gidansu ba a taɓa furta kalmar a gaban mahaifinta ba, har ta manta cewa abu ne da ake gaya wa mutane. Daga ranar Malam bai ƙara ce masa ko Ta ba. In sun haɗu a matakala sai ya ce, "Kai Sok, ka ci?" Tsohon ya ce, "Munzali," ya kama hannunsa ya duba tafin. In Malam ya shigo ɗaki sai ya yi istigfari, ya ce mini, "Magajiya, da kakana zai ji ni, da ya tsine mini." Sarkin Kasuwa da Sarkin Ruwa dai suna nan da rawunansu, bai tuɓe kowa ba.

Da bazara ta shigo, wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita aiki, ya dafe ƙirji ya zame daga kujera. Likitoci sun ce zuciya ce, ba ruwan rafi ba. Ni dai ban sani ba. Masu motar asibiti suka zo suka ɗora shi a gadon ɗauka. Idonsa biyu, yana kallona, an sa masa abin numfashi. Muna fitowa kan matakala sai ga Ta Sok a ƙofarsu. Ya leƙa ta taga ya ga motar a ƙasa da ƙofa a buɗe. Ya taho da saurin da ban san yana da shi ba, ya riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

"Kada ka shiga," ya ce da Turanci. "Munzali, kada ka shiga mota." Ya juya wajen ma'aikatan, ya ɗaga hannun Malam ya buɗe musu tafin. "Direba ne. Ku duba. Direba ne kawai."

Chantha ce ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Malam ya ɗaga hannun kaɗan, ya dunƙule shi, ya yi masa jinjina. Aka sauka da shi. Bai kai la'asar ba.

Ban bar gidan ba. Har yanzu ina ɗumama wa tsohon shinkafa, ina ciro tabarau daga buhu. Ya manta sunana, wani lokaci har na 'yarsa. Amma kusan kullum da hantsi sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, in na buɗe ya leƙa bayana ya ce, "Munzali?" Da farko na rasa abin da zan ce masa. Ba zan ce ya rasu ba, don gobe zai sake tambaya ya sake jin mutuwar sabuwa. Ba zan ce ya fita da mota ba. Sai nake cewa, "Ya ci, Sok. Ya riga ka. Shigo, hop bai." Sai ya shigo ya zauna a ƙasa inda suka zauna ranar nan, in ajiye masa farantin.